Keken tsere na hannu: abin da za ka duba kafin ka miƙa kuɗinka

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin gidaje da yawa ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye 1,000. Mai mota ya jingine ta, mai babur ya koma auna tafiyarsa, wanda ba shi da ko ɗaya kuwa ya ga kuɗin adaidaita sahu yana cin rabon cefane. Idan kana cikin waɗanda suka fara yi wa keken hawa wani kallo na daban, kana da 'yan uwa da yawa. Mutanen Maiduguri ma sun riga mu: tun da aka hana hawa babur a birnin a 2011, keke ya zama abin hawan malami da ɗan kasuwa da ɗalibi, babu mai jin nauyin kowa.

Yi lissafin da kanka. A ce kana kashe naira 1,500 kullum zuwa wurin aiki da dawowa. A kwana 22 na aiki ka kashe 33,000, a wata shida kuma kusan 200,000. Idan tsakaninka da wurin aikin bai wuce kilomita 10 ba, tafiyar minti 30 zuwa 40 ce a keke ba tare da ka wahalar da kanka ba.

To, ranar da ka shiga wurin masu sayar da kekuna 'yan Kwatano, akwai wanda zai fara ɗaukar idonka. Siriri ne, tayoyinsa kamar yatsa, kansa ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago, idan ka ɗaga shi da hannu ɗaya sai ka yi mamaki. Shi ne keken tsere. Wanda ya saba da tsohon Raleigh irin na iyayenmu, wanda har masana'antarsa aka taɓa yi a Kano, zai ji kamar ya sauka daga jaki ya hau doki. Kuma gaskiya ne, keken tsere na hannu mai kyau ya fi sabon keke mai araha ƙarko nesa ba kusa ba. Sai dai an ƙera shi ne don kwalta mai santsi ta Faransa da Italiya, don mutumin da ba ya ɗauke da komai sai gorar ruwa. Kai kuwa aiki za ka je da shi, da jaka, da kayan arziki a jikinka, ta hanyar da ka fi kowa sanin ramukanta. Don haka sunan kamfani da yawan giya su ne na ƙarshe a abin da za ka duba. Abin da zai raba gardama shi ne ko keken ya yi daidai da jikinka, ya dace da hanyarka, kuma mai gyaran unguwarku zai iya samun kayansa.

Fara da hanyar, kafin keken

Gobe idan za ka fita, kalli hanyar da idon mai keke. Nawa ne kwalta, nawa ne burji, ina ne yashi yake taruwa, ina ne ruwa yake kwanciya da damina? Idan rabin tafiyarka yashi ne, ka haƙura da keken tsere tun yanzu, ka nemi mai faɗin taya. Siririyar taya nutsewa take yi a yashi, ta kayar da mutum ba sallama. Idan kuwa lungunku ne kawai babu kwalta, sauran duk titi ne, sai mu ci gaba.

Girman keke

Kekunan tsere suna da lamba kamar takalmi, ana auna su da santimita, wani lokaci lambar tana manne a bututun da ke ƙarƙashin sirdi. A ƙiyasce, mai tsayin mita 1.65 zuwa 1.70 yana neman 52, mai 1.70 zuwa 1.78 yana neman 54, wanda ya kai 1.80 kuma 56 ko sama. Kamfanoni suna ɗan bambanta, saboda haka jikinka ne alƙali. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a sami sararin yatsa biyu tsakaninka da bututun sama. Idan sai ka yi ɗage, ya yi maka girma, kuma babu bakaniken da zai rage shi. Mai sayarwa zai ce a sauke sirdi. Sauke sirdi ba ya rage nisan da ke tsakaninka da kan keken, kuma wannan nisan ne yake jawo ciwon wuya da na baya bayan mako biyu.

Ka sa a kwance ƙusar sirdin a gabanka, a ɗaga shi a sauke. Wannan gwajin minti ɗaya ne, amma yana da muhimmanci, domin keken da ya daɗe a jibge sandar sirdinsa takan manne da bututun, ta ƙi motsi ko da guduma. Daidai tsayin sirdi shi ne idan ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Da yawanmu muna sauke sirdi don ƙafa ta taɓa ƙasa muna zaune, shi ya sa gwiwa take ciwo, a ɗora wa keke laifi.

Haka nan ke uwargida, idan ɗanki za a saya wa don zuwa makaranta, kada a sayi babba da sunan zai girma ya same shi. Riga ce ake yi wa haka. Yaron da hannunsa bai kai birki sosai ba yana cikin haɗari tun ranar farko.

Gangar jiki

Komai na keke ana iya canza shi, ban da gangar jikinsa, wato bututan da aka haɗa da walda. Je da ɗan maganaɗisu a aljihu. Idan ya kama, ƙarfe ne. Idan bai kama ba, galibi alminiyum ne ko kabon. Ƙarfe ya fi nauyi kaɗan, yana tsatsa, amma yana jure wahala, kuma idan ya sami matsala mai walda zai iya taimakonka. Alminiyum ba ya irin wannan tsatsar, ba shi da nauyi, sai dai idan ya tsage ya gama aiki, domin waldarsa ba ta kowane mai walda ba ce. Kabon kuwa, irin na 'yan gasa, shi ne kyan ɗan maciji. Yana iya samun rauni a ciki fenti yana ƙyalli a waje, kuma keken da ya sha matsi a cikin kwantena tare da ɗaruruwan 'yan uwansa ba ka san abin da ya gani ba. A ganina, mai neman abin zuwa aiki ya bar kabon na hannu ko da an karya masa farashi.

Fito da keken rana, kada ka duba shi a cikin duhun shago. Goge ƙurar, ka bi duk inda aka yi walda da ido. Siririn layi kamar gashi a gefen walda tsagewa ce. Sannan ka shafa ƙarƙashin bututan nan biyu da suka haɗu da wuyan keken ta gaba. Idan ka ji wani ɗan tudu ko fenti ya tattare, keken ya taɓa yin karo gaba da gaba. Tsaya a gefe ka kalli ƙarafa biyun da ke riƙe da ƙafar gaba: kada su koma baya. Sabon fenti a wuri ɗaya tak shi ma abin tambaya ne. Ƙujewa da ɗan tabon tsatsa a sama ba komai ba ne, su ne ma hujjarka ta neman ragi.

Taya, inda yawancin masu saye ke yin asara

A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. A gefen kowace taya akwai lambobi. Nemo irin wannan: 25-622 ko 28-622. Ta farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyu kuma girman wilin. Lamba 622 ita ce ake rubutawa 700C, kuma ita ce ta kekunan tsere na zamani. Tsofaffin kekunan Ingila da Amurka da yawa suna da wili mai inci 27, wanda lambarsa 630 ce. Shi kuma keken iyayenmu mai inci 28 lambarsa 635. A ido duk ɗaya suke, amma tayar wannan ba ta shiga wancan. Bambancin milimita 8 ya isa ya sa keke ya yi wata uku a jingine a zaure. Kafin ka biya, rubuta lambar, ka je wurin mai sayar da kayan keke mafi kusa da kai, ka tambaye shi yana da ita, kuma nawa. Idan ya ce sai an aiko daga Legas, ka san abin da kake shirin shiga.

Akwai kuma wata irin taya ta 'yan gasa wadda tiyub ɗinta yake ɗinke a ciki, ana manna ta da gam a jikin wili. Idan ka ga tayar da ba ta da bakin da za a ɓanɓare, ka wuce. Mai facin bakin titi ba zai iya da ita ba.

Sai faɗi. Yawancin waɗannan kekuna suna zuwa da taya mai milimita 23 ko 25. Irin wannan tana buƙatar iska mai ƙarfi, kuma idan iskar ta ragu ka faɗa rami, wilin zai matse tiyub ya yi masa huji biyu kamar saran maciji. Ga tsidau, ga fasassun kwalabe, ga ƙusoshi. Taya mai 28, ko 32 idan ta samu, ta fi dacewa da titunanmu, tana shanye girgiza, kuma ba za ka ji ta rage maka gudu ba. Amma ba kowane keke ne ke da wurinta ba. Leƙa tsakanin tayar da birki, da tsakaninta da ƙarafan da ke gefenta. Idan da ƙyar fensir zai shiga, ba za ta karɓi babba ba, balle madigadi na damina. A nan tsofaffin kekunan ƙarfe na shekarun 1980, irin su Peugeot da Raleigh, sukan fi na zamani sarari.

Kalli bawul ma. Kekunan tsere yawanci suna da siririn bawul mai ɗan noti a kai, wanda sai an warware shi iska take shiga. Famfon mai faci na mota da babur ba ya kama shi. Akwai ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla da ake ɗaurawa a kai, bai kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ka nemi mai keken ya haɗa maka da shi, ko ka sayi famfon da ke da baki biyu. Kada ka bari a faɗaɗa ramin siririn wili da dirila don a sa bawul na mota, yana raunana shi.

Daga nan ka ɗaga kowace ƙafa ka juya ta, idonka a kan robar birki. 'Yar rawa kaɗan mai gyara zai daidaita ta da wayoyin wilin. Amma idan wilin yana tsalle sama da ƙasa, ko yana da lotsawa, sai dai sabo. Shafa gefen wilin inda birki ke kamawa: idan ya yi kwari kamar cokali, birki ya cinye shi, kuma wata rana zai iya fashewa. Kama tayar ka girgiza ta hagu da dama. Idan tana ƙwas-ƙwas, boris ne, wannan gyara ne mai sauƙi.

Sarƙa, giya da birki

Ari tef ɗin tela. A sabuwar sarƙa, daga tsakiyar ƙusa ɗaya zuwa ƙusa ta 24 bayanta inci 12 ne cif. Idan ya wuce da milimita ɗaya da rabi, sarƙar ta gaji. Idan ya wuce da milimita 3, ta cinye haƙoran baya ma, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa zamewa a kansu, sai an canza duka. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe ɗaya sun gama yayi.

Game da giya, kada yawa ya ruɗe ka. Kano da Katsina da Maiduguri shimfiɗaɗɗun garuruwa ne, gadar sama ce babban hawanka. Mai zama a Jos ko Abuja ne yake da dalilin neman giya mai sauƙin hawa tudu. Kamfanin Shimano na Japan yana da matakai: Claris mai haƙora jeri 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 da na sama da shi. Duk yadda jerin ya ƙaru, sarƙar tana ƙara sirancewa, tana ƙara tsada, tana ƙara wuyar samu. Mai 7 ko 8 ya ishe ka, kuma sarƙarsa tana kusan kowane shago. Kekunan zamani suna da abin canza giya a haɗe da hannun birki. Yana da daɗi, amma idan ya lalace ba a cika gyara shi ba, kuɗin wani kuma yana iya kusantar abin da ka sayi keken. Tsohon yayi, mai 'yan sanduna biyu a jikin bututu, ƙurar hunturu ba ta dame shi ba. Ko wanne ne, hau keken ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya kana taka feda da ƙarfi. Wanda ya hana ka hawa, ka bar masa kayansa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kekunan da suka fito daga Ingila da Japan birkin gaba yana hannun dama, kamar na babur. Na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa yana hagu. Matsa kowanne ka ga ƙafar da ya kama tun kana tsaye. Wanda ya damƙe birkin gaba da gudu yana zaton na baya ne, ta saman keken zai wuce. Idan ka saba da babur, mai gyara zai iya sauya maka wayoyin. Ka kuma riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya, idan wuyan yana ƙara, yana buƙatar ɗauri ko sabon boris. Idan fedar ƙanana ce mai maƙale takalmin 'yan tsere, a canza maka da ta gama-gari a cikin cinikin.

Na wane ne?

Juya keken ka duba ƙarƙashin inda hannuwan feda suka haɗu. A nan yawancin kamfanoni ke buga lambar keke. Idan an goge ta ko an kankare, kada ka saya, ko nawa ne. Keken da aka kawo maka da magariba a rabin kuɗinsa, mai shi yana sauri, ka san amsar da kanka. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma ranar da mai shi ya gan ka a kai, ga asarar kuɗi ga zubewar mutunci a gaban iyali. A shago, karɓi rasit mai ɗauke da lambar keken. A hannun mutum kuwa, a yi cinikin gaban shaidu biyu, a rubuta, ka ɗauki hoton lambar da wayarka.

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa sayen kifi a ruwa ita ce ka tafi da mai gyaran keken da kai za ka biya, ba wanda ke jiran la'ada daga mai shago ba. Ka ce masa, “Malam, duba mini shi kamar kai za ka hau, ka faɗa mini abin da zai ci.” Abin da ya lissafa, taya biyu, tiyub, robar birki, wayoyi, wataƙila sarƙa, shi za ka ɗora a kan farashin, ka ga kuɗin keken na gaskiya. Da wannan lissafin za ka yi tayi. Idan an ce albarka, akwai wani shagon. Ka kuma tambayi mai sayarwa kai tsaye ko akwai aibin da ya sani, domin ɓoye aibin kaya haramun ne a ciniki, kuma ɗan kasuwar kirki ya san haka. Ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawo da shi idan wani abu ya bayyana. Kada ka kashe duk abin da ka tanada a kan keken kansa, ka bar wani kaso na gyara da kayan haɗi.

Mai da shi keken zuwa aiki

Duba kusa da inda ƙafar baya ta ɗaure, ko akwai ƙananan ramukan noti. Su ne wurin ɗaura kariya da madigadi. Keken gasa zalla ba shi da su, sai ka goya jaka a baya, kuma a zafin Afrilu ka san yadda rigarka za ta isa ofis. Ko da kariyar, ta jaka ce da ɗan cefane. Ba ta goyon mutum ba ce, kuma siririn wili ba zai ɗauki buhun masara ba. Gara a faɗa wa yaran gida wannan tun ranar da keken ya shigo.

Sarƙar keken tsere a buɗe take, ba ta da murfi. Ƙafar wandon dama za ta sha baƙin mai, ko ta shiga haƙora, idan ba ka naɗe ta ko ka ɗaure da roba ba. Doguwar riga sai an tattare ta, babbar riga kuwa a ninke ta a jaka. Dabarar masu zuwa aiki da keke ita ce fita da wuri, tafiya a hankali, da ajiye riga ɗaya da ɗan tawul a wurin aiki. Idan sunkuyon ya yi maka yawa, ana iya ɗaga kan keken, kuma ba dole ne ka riƙe ƙasan lanƙwasar ba, yawancin tafiya a sama ake riƙewa.

Titi kuwa ba ya ragawa kowa. Marigayi Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, shi kansa wata bas ta taɓa tura shi cikin kwata a Abuja yana kan kekensa. Sayi hular kwano, fitila fara a gaba da ja a baya, musamman idan kana dawowa bayan magariba ko cikin hazon hunturu. Kada ka bi hannun da ba naka ba, kada ka shiga tsakanin babbar mota da gefen titi, kuma ka sa ran adaidaita sahun da ke gabanka zai tsaya ba sigina duk inda ya hango fasinja.

Ƙafafun keken tsere da yawa ana cire su ne da ɗan hannu guda, ba sai da sifana ba, ɓarawo ma ya san haka. Sarƙa da kwaɗonka su ratsa gangar jiki da ƙafar baya, su zagaye ƙarfen da ba ya ciruwa. Idan akwai maigadi a wurin aikinku, ku saba.

Kafin ranar Litinin ta farko, gwada hanyar a ranar hutu da safe, ka ga minti nawa take ci, ka gane inda masu faci suke. Duba iskar taya duk bayan kwana biyu ko uku, domin siririyar taya tana saurin saki. Goge sarƙa da tsumma, ka ɗiga mata mai kaɗan, mai yawa ƙura yake tarawa. Bayan mako biyu ka mayar da keken wurin mai gyara, sababbin wayoyin birki da na giya sukan saki a wannan tsakanin, ya ƙara ɗaure su, ya bi notocin kariya da na sirdi.